Gonar ƴan wasa: abin da ƙananan rukunonin besbol na Amurka ke koya wa iyaye

Akwai wani wasa da mutanen Amurka ke ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa, sunansa besbol. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri da ƙarfi, wani ya tare ta da kulki ya maka, sannan ya zuba da gudu ya zagaya tashoshi huɗu kafin a maido da ita. Ba mu da filin wannan wasa a Maraɗi ko Damagaram, kuma ba mu zo koya wa kowa dokokinsa ba. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne yadda ake sayen yara matasa a cikinsa, a raine su, a tace su, a zubar da mafi yawansu. Duk wanda ya taɓa sarin albasa a Galmi ko ya zauna da dillali a kasuwar dabbobi zai gane wannan ciniki tun kafin mu kai ƙarshe. Kuma duk uwar da ɗanta ke damun ta da zancen tafiya Turai buga ƙwallo tana da abin ɗauka a ciki.

Ga yadda abin yake. Babban rukunin besbol, wanda ake kira MLB, yana da kulob 30, kowane yana fita da ƴan wasa 26. Gurbi 780 ke nan kacal a sama. Can ne kuɗi suke: a 2025 mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a shekara dalar Amurka 760,000 ne. Mu lura, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A shekarun nan guda ɗaya tana yawo tsakanin sefa 550 da 650. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙananan kulob 120 da aka jera hawa huɗu kamar matakala, a ƙasa da su kuma akwai sansanonin sababbin shiga a jihohin Arizona da Florida da kuma ƙasar Dominikan. Tun 2024 kowane babban kulob yana iya riƙe yara har 165 a ƙananan rukunoninsa na cikin Amurka. In an haɗa, kusan mutum 5,000 ne ke layi a bakin ƙofar da ke ɗaukar 780, su kuma na cikin ba su da niyyar fita.

Su da kansu Amurkawa suna kiran wannan tsari da sunan gona. Wani mutum mai suna Branch Rickey ne ya ƙirƙiro shi a kulob ɗin St. Louis Cardinals cikin shekarun 1920. Kulob ɗinsa ba ya da kuɗin sayen gwanayen da suka riga suka yi suna, sai ya ga gara ya kwashi yara da yawa da araha, ya shuka su a ƙananan garuruwa, wanda ya yi yabanya ya ɗauko shi. Dabara ce ta ɗan kasuwa, kuma ta ci. Yau shekara ɗari ke nan ana tafiya a kanta.

To a nan ne muke son jama'a su tsaya su yi lissafi irin na kasuwa. Mai sarin tumatir ya san wasu kwanduna za su ruɓe a hanya, ya riga ya saka asararsu cikin farashin sauran. Haka kulob yake. Ana ƙiyasin cewa cikin yara goma da suka shiga ƙananan rukunoni, kusan ɗaya ne ke taka babban fili ko da sau ɗaya, waɗanda suka daɗe a can har suka tara abin kirki kuwa ba su kai haka ba. Kulob bai yi asara ba, domin gwani guda ya biya masa kuɗin sauran tara. Amma yaron da ya faɗo cikin taran nan ba ya da wasu kwanduna. Hajarsa guda ce, ƙuruciyarsa, daga shekara 17 zuwa 25, daidai lokacin da tsaransa ke koyon sana'a ko gama karatu. In ta ƙare ta ƙare.

Hanya biyu ce ake shiga. Yaran Amurka da Kanada da Fotoriko ana ɗaukar su ta wani zaɓe da ake yi sau ɗaya a shekara, kulob-kulob suna zaɓa bi da bi. Har 2019 zagaye 40 ake yi, tun 2021 aka maida shi 20, wato yara 600 da ƴan kai. Wanda aka zaɓa ba ya da ikon cewa wani kulob yake so. Wanda ya kira sunansa shi ne mai shi. Abin da ake ciniki a kai kawai shi ne kafin alƙalami, kuɗin da ake ba yaro sau ɗaya ranar sa hannu. A nan ne ratar take da faɗi. Paul Skenes, wanda Pittsburgh Pirates suka ɗauka na farko a 2023, ya karɓi dala miliyon 9.2, kuma bai cika shekara ba ya hau babban rukuni. A wannan zaɓen dai, yaron da ya gama jami'a, wanda ba ya da wurin komawa balle ya ja ciniki, ana iya sallamar sa da ƴan dubbai. Duk ɗan kasuwa ya san wannan: wanda kayansa ba sa iya kwana, shi ake taya wa da wulaƙanci.

Ko zama na farko ba ya hana faɗuwa. A 1991 New York Yankees suka zaɓi wani yaro, Brien Taylor, ɗan talakawa daga jihar Karolina ta Arewa, wanda masana suka ce ba su taɓa ganin mai jifa kamarsa ba. Mahaifiyarsa, wadda ke aikin ɓare ƙaguwa a wata masana'anta, ita ta tsaya kan cinikin. Aka taya dala 300,000, ta ce albarka. Aka ƙara, ta ƙi. Sai da aka kai miliyon 1.55, kuɗin da ba a taɓa ba wani sabon shiga ba kafin nan. A watan Disamba na 1993 yaron ya shiga wani faɗa don kare ɗan uwansa, kafaɗarsa ta goce, hannun bai sake komawa daidai ba. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba. Da uwar ta karɓi tayin farko da zaton manyan kuɗi na gaba, da sun tashi da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suka samu. Ta yi ciniki kamar wadda ta san gobe ba ta da tabbas, kuma ita ce ta yi daidai.

Mark Appel ma na farko aka ɗauke shi a 2013, da fiye da dala miliyon 6. Ciwo da rashin sa'a suka bi shi har ya ajiye wasan a 2018, ya dawo daga baya, bai taka babban fili ba sai 2022 yana da shekara 30. Michael Jordan kansa, sarkin ƙwallon kwando, ya gwada besbol a 1994 a ƙaramin kulob na Birmingham, bai wuce hawa na biyu daga sama ba, ya koma sana'arsa.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Za su ce ai akwai waɗanda aka raina suka zama taurari. Gaskiya ne. Mike Piazza shi ne na 1,390 a zaɓen 1988, yau sunansa yana cikin gidan tarihin gwanayen wasan. José Altuve na Benezuwela an kore shi daga wurin gwaji saboda gajarta, ya dawo washegari, Houston Astros suka ɗauke shi da dala 15,000 a 2007, ya zama zakaran rukuninsa a 2017. Juan Soto na Dominikan ya sa hannu yana da shekara 16 a 2015, a ƙarshen 2024 New York Mets suka ba shi kwantaragin dala miliyon 765 na shekara 15. Waɗannan labarai ba ƙarya ba ne. Illarsu ita ce su kaɗai ake ji. Mu ma'aikatan rediyo mun san yadda abin yake: wanda ya ci shi ake kira a yi hira da shi, dubun da suka koma gida da jaka ɗaya ba mai neman lambarsu. Dillali kuwa sunan Soto zai ambata wa uwa, ba zai taɓa ambatar yaron maƙwabta da aka sallama bara ba.

Yanzu mu dubi yadda waɗannan yara suka rayu a cikin gonar a da. Har zuwa 2020, mafi ƙarancin albashi a ƙananan hawa dala 290 ne a mako, a hawa na sama dala 502. Wani zai buga lissafi da sefa ya ce ai wannan arziki ne. A Amurka ba arziki ba ne. A lokacin, watanni biyar na kakar wasa kawai ake biya. Makonnin horo na farkon shekara kyauta ake yi, sauran watanni ba ko sisi, alhali ana jiran yaro ya ci gaba da motsa jiki da kuɗin aljihunsa. A shekara abin bai kai dala 7,000 ba ga na ƙasa, lokacin da gwamnatin ƙasar ke lissafa duk mai samun ƙasa da dala 12,490 a matsayin matalauci a 2019. Yara biyar ko shida su haɗu su kama ɗaki, su shimfiɗa katifun iska a ƙasa. A yi tafiyar sa'o'i takwas ko goma cikin bas a sauka a shiga fili. Da rani ya zo wani ya koma dakon kaya, wani ya kai wa mutane abinci gida-gida. Duk wannan a cikin sana'ar da ta tara fiye da dala milyar 10 a 2019. Da aka fara ƙara a kotu, masu kulob suka bi ta majalisa, a 2018 aka zartar da doka da ta fitar da waɗannan yara daga kariyar mafi ƙarancin albashi ta tarayya. Hujjarsu ita ce yaran masu koyon aiki ne, kamar yaron shago.

Wannan hujja mun san ta a nan gida. Amma yaron shago na ƙwarai, in ya yi wa ubangidansa shekara bakwai, ana sallamar sa da jari ko a buɗe masa tebur, kuma ya fita da sanin kasuwa. Yaron besbol kwantaraginsa na farko yana ɗaure shi har kaka bakwai, kulob na iya sallamar sa ko wace safiya, kuma abin da ya koya, jifan ƙwallo, ba ya da kasuwa a waje.

Abin ya canza, kuma yadda ya canza shi ne darasi na biyu. Ba tausayin masu kuɗi ya kawo shi ba. A 2014 wasu tsofaffin ƴan wasa, da Aaron Senne a gaba, suka kai ƙara, lauyansu Garrett Broshuis shi ma tsohon ɗan ƙaramin rukuni ne da ya koma karatu. Shekara takwas ana shari'a, a 2022 MLB ta yarda ta biya dala miliyon 185. A shekarar ce aka fara ba yaran wurin kwana, a watan Satumba kuma suka shiga sandika. A watan Maris na 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyarsu ta farko a tarihi: albashin shekara na sababbin shiga ya tashi daga dala 4,800 zuwa 19,800, na hawa na sama daga 17,500 zuwa 35,800. Shekaru da dama kowane yaro yana tsoron buɗe baki kada a kore shi a ɗauko wani, domin layi na da tsawo. Ranar da suka yi magana tare, kuɗin da aka ce babu suka fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, matan da ke adashe sun riga kowa sanin haka.

Sai dai masu kulob ma ƴan kasuwa ne. A 2021 sun rage ƙananan kulob daga 160 zuwa 120, suka rage zagayen zaɓe da rabi, daga baya suka rage yawan yaran da ake riƙewa daga 180 zuwa 165. Farashi ya hau, sai suka rage sari. Wanda ya samu shiga yanzu ya fi jin daɗi, ƙofar kuwa ta ƙara ƙunci, kuma da tsarin yau ba a kai wa zagaye na 62 da aka ɗauki Piazza. Duk da haka muna ganin gyaran ya dace. Gara a gaya wa yaro gaskiya yana da shekara 18 ya kama wata hanya, da a riƙe shi da yunwa har 26 don kawai a samu abokan karawa ga ƴan gatan da aka biya miliyoyi.

Hanya ta biyu ta shiga ita ce ta fi kama da abin da muke gani a yankinmu. Ƙasar Dominikan, rabin tsibiri ce mai mutane wajen miliyon 11, amma kowace shekara kimanin ƴaƴanta 100 ne ke cikin babban rukuni, kuma duka kulob 30 suna da sansani a can. Yaran ƙasashen waje ba sa shiga zaɓe, ana sayen su kai tsaye da zarar sun kai shekara 16. Tsakanin iyaye da kulob akwai dillalai da ake kira buskon. Buskon yakan ɗauki yaro tun yana 12 ko 13, ya ciyar da shi, ya horar da shi, sau da yawa ya cire shi daga lakwal, da sharaɗin ranar sa hannu zai yanki rabonsa daga kafin alƙalami, wani lokaci har rabi. Ana ƙulla alkawarin baka da kulob tun yaro bai kai shekarun doka ba, iyaye su ci bashi a kan alkawarin, in yaron bai girma yadda ake zato ba kulob ya janye, ba takarda ba shaida. Domin yaro ƙarami ya fi tsada, ana rage shekaru. A 2006 Washington Nationals suka biya dala miliyon 1.4 ga wani da aka ce ɗan shekara 16 ne. A 2009 aka gano sunan ba nasa ba ne, kuma ya girmi takardunsa da shekara huɗu. Akwai kuma dillalan da ke yi wa yara allurar ƙara ƙarfi don su burge masu saye. Yarjejeniyar sandika ta 2023 ba ta shafi yaran da ke wasa a sansanonin Dominikan ba. Waɗanda suka fi kowa rauni su aka bari a waje, kuma wannan abin kunya ne ga masu kulob da sandikar baki ɗaya.

Idon waɗannan kulob ya fara juyowa Afirka. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda ya tashi a wani ɗaki na filin wasa inda mahaifiyarsa ke aiki, ya sa hannu da Pirates a 2008, ya yi kusan shekara tara a ƙananan rukunoni, a watan Afrilu na 2017 ya zama ɗan nahiyar nan na farko da ya buga a babban rukuni. Zamansa a can bai wuce kaka biyu ba. A 2022 Los Angeles Dodgers suka ɗauki yara biyu daga Yuganda, a 2023 Pirates suka ɗauki wani, David Matoma. Inda yara ke da yawa kuma da araha, can mai gona ke nufa.

Mu a nan ba besbol ke ɗauke mana yara ba, ƙwallon ƙafa ce, amma dillalin iri ɗaya ne. Kowa ya ji labarin Moussa Maâzou da ya tashi daga Yamai ya tafi Beljiyam a 2008, shekara ta zagayo ya koma Mosko da kuɗi masu yawa. Ana ba da labarin a kowace majalisa, kuma ya cancanta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa don wasa, sai a wasu ƴan halaye ƙalilan. Saboda haka duk wanda ya zo wa uwa da zancen zai kai ɗanta mai shekara 15 wani kulob na Faransa ko Spaniya, in dai ta kawo miliyon biyu na biza da tikiti, ta san akwai lauje cikin naɗi. Ko a Dominikan, inda muka ga irin cutar da ake yi, kulob ne ke biyan iyaye. Mai saye shi ke fitar da kuɗi. Ranar da aka ce mai kaya ya biya don a karɓi kayansa, cinikin ya tashi daga ciniki.

Ba mu ce a hana yaro wasa ba. Mai baiwa a bar shi ya gwada, sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da muke roƙon iyayenmu mata da alhazanmu shi ne su shiga wannan magana da wayon da suke shiga kasuwa da shi. A tambayi dillali nawa ne rabonsa, a rubuta, a kai wa wanda ya iya karatu kuma ba abokin dillalin ba ne. A tambayi hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ko ta san mutumin da kulob ɗin da yake ambata. A tambaya wa zai biya magani in ƙafa ta karye, wa zai biya kuɗin komowa in gwaji bai yi ba. Kada a taɓa takardar haihuwa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaron ne ke ɗaukar hukuncin, dillali ya riga ya wuce wani gida. Kada a sayar da fili ko a karya jari, domin ƙannen yaron ma da wannan tebur suke ci.

Sai maganar lakwal, wadda ta fi duka. Iyalai masu wayo a Amurka sukan sa kulob ya rubuta cikin kwantaragi cewa zai biya wa yaro kuɗin jami'a in wasa ya ƙare, kuma akwai tsari na musamman don haka. Sun san tara cikin goma za su buƙace shi. Lauyan nan da ya karɓo wa ƴan uwansa miliyon 185 bai taɓa jefa ƙwallo a babban rukuni ba, karatun da ya koma ne ya yi masa rana, ya yi wa dubban yara. Duk makarantar ƙwallon da ta ce yaro ya bar aji ko ya bar koyon sana'a don horo, ta nuna ribarta take nema, kuma ta riga ta saka asarar ɗanku cikin lissafinta.

Hukumomin wasanni na ƙasarmu su ma suna da aiki: su fitar da sunayen dillalai da makarantun da suka sani, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci, yadda ake karanta farashin hatsi. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata, waɗanda ke iya tsayawa kan maganar haraji da rumfuna, za su iya tsayawa kan wannan ma. In wata ta ji an zo wa maƙwabciyarta da zancen biza da kulob, ta tambaye ta ko an rubuta, kuma wa ke biyan wa.